Mai Fentin Bangon Lakol

Ni na rubuta bangon lakol ɗin Bilbis.
Baƙi ɗaya, dala ɗari,
shi ya sa nake son dogayen kalmomi.

Darakta Attahiru ya miƙo takarda:
"Nagarta. Hangen nesa. Ilimi mai ɗorewa.
Muna ƙera shugabannin gobe."
Na ce, ranka ya daɗe, ina maƙerar?
Ya ce, kai dai ƙara musu girma,
a hango su tun daga tashar Agadas.

Na hau tsani. Taga na kusa.
Su biyar a benci guda,
mushe na tsakurar alli kamar gishirin aro.
A layi na uku Habsu, ɗiyata,
ta ɗago mini hannu.

Da dare na ce, karanta mini
abin da babanki ya sa a bango.
Ta yi shiru. Ta ce, "Shuɗi ne, Baba. Ya yi kyau."

Bana fenti ya ɓare.
"Ilimi" ya zube, "gobe" na nan daram.
Darakta ya aiko in zo,
wai an samo sabuwar kalma daga Yamai,
baƙi goma sha ɗaya.

Na lissafa da yatsu.
Kuɗin watan Habsu ke nan.
Na wanke buroshi.