Sabon Indararo a Dalcahue

A tsibirinmu na Chiloé ba a tambayar ko za a yi ruwa,
sai dai a ce yaushe zai ɗauke.
Iskar arewa in ta taso daga teku,
wata shida sama ba ta rufe baki.

Shekara arba'in da ɗaya indararon gidanmu
yana kwance a leɓen rufi yana shan wannan duka.
Mahaifina Eliodoro ya kafa shi da hannunsa
shekarar da aka haife ni, in ji shi,
ko da yake Inna ta rasu tana cewa sai da na fara tatata.

Bara tsatsa ta gama cinye cikinsa.
Ruwa ya saki hanya ya kama bango,
katakon kusurwa ya yi laushi kamar dafaffen dankali,
ka danna yatsa ya nutse.

Watan Maris, tun hadari bai haɗo ba,
na je wurin Nibaldo maƙerin kwano.
Ya lanƙwasa mini guda shida masu sheƙi kamar cikin kifi,
ya ce, "Uberlinda, wa zai hau miki?"
Na ce, wadda ta biya kuɗin.

Baba ya riƙe tsani, ko in ce tsani ya riƙe shi.
Gwiwa ta ƙi, ido ya yi yana,
amma baki na nan da ƙarfinsa:
"Ja igiya ta miƙe!
Kowane taku huɗu ki sauke faɗin yatsa.
Ruwa ba ya jin lallashi, ba ya jin tsawa,
gangara kaɗai yake wa ladabi."

Na ɓamɓare tsoffin ƙusoshi, wasu suka karye a wuya.
Ganyen shekaru ya ruɓe ya zama baƙar ƙasa,
har wani tsiro ya kafa saiwa yana zaman gado.
Ga sheƙar tsuntsu, masu gida sun tashi.
Can ƙurya, inda ruwa ya saba tsayawa,
ƙwallon roba ne ya toshe maƙogwaron bututu,
jansa ya koɗe.
Na Baldomero ne.
Ranar da ya ɓace ya rantse ni na ɓoye,
muka yi mako muna cin abinci baya da baya.
Yau shekararsa tara yana haƙar tagulla a hamadar arewa
inda ɗigo ba ya sauka,
saƙonsa ma ya koyi halin saman can.
Na jefa ƙwallon a aljihu, ban ce uffan ba.

La'asar sakaliya na ɗaure na ƙarshe.
Baba ya miƙo butar shayi cike da ruwa.
Na tsiyaya daga wancan kai,
muka kasa kunne yana gudu cikin kwano
kamar ɗan akuyan da aka kwance,
ya faɗa bututu, ya fito ƙasa, ko ɗis bai bari a hanya ba.
Baba ya ce, "Hm."
A bakinsa wannan kirari ne.

Mako uku sai ga mamako.
Tsakar dare na ji takunsa a baranda,
na tarar da shi cikin bargo yana kallon kusurwa,
inda daron Inna ya shekara goma yana tarar yoyo,
tal, tal, tal, har asuba.
Daron ya bushe ƙayau.
Ya ce, "Aikinki ba makusa.
Shirun ne ya hana ni barci."

Ban huda sabon kwano ba, na san abin da na biya.
Na ɗauki daron na fita cikin ruwa ba takalmi,
na kifa shi a bakin bututu.
Ba irin tsohon sautin ba ne, ya fi shi kauri da gaggawa.
Baba ya karkata kai ya saurara,
ya ce in ɗan matsar da shi hagu.