Lissafin Dare a Morioka

Chizuru ta ture kwanon shinkafa gefe,
ta baje takardu biyu.
Ta farko ta ce tallafin yara ya miƙe
har ya taɓo Kohei, ɗan shekara sha bakwai.
Ta biyu, cikin ƙananan baƙaƙe:
wai za a rage rangwamen haraji.

Hannun dama na miƙo mata,
na hagu na laluben aljihunta.

Ta tara, ta ɗebe, ta sake tarawa.
Abin da ya rage
bai kai kuɗin jirgin makaranta ba,
balle takalman da suka matse shi.

Ta bayan bango tana jin haddarsa,
muryar ta buɗe, sak ta marigayi.
Ta rubuta "takalmi",
ta ja layi biyu ƙarƙashi.