Na Zama Kaza a Jega

Ni mai gyaran rediyo ne a bakin kasuwar Jega.
Na jawo mataccen firij, na ɗaura masa ƙwan lantarki biyu,
na jera ƙwan kaza arba'in, na rufe, na ce shi ke nan.
Tara suka fito.
Sauran baragurbi, wari har shagon Arzika mai faci.

Goggo Cima ta zo jaje tana ƙunshe dariya:
"Kai waya ka sani, ba ka san kaza ba.
Zamna nan ka dubi waccan mai wake-wake."

Na zauna kamar ɗan aji ɗaya.
Na ga tana mirgina ƙwanta da baki, ɗaya bayan ɗaya,
ta tashi da rana, ta sha iska,
ta bi ta gindin randa, ta dawo da danshi a ƙirji.
Ashe kwanci aiki ne.

Karo na biyu na yi zaɓe:
ban ɗauki wanda ya haura mako ba,
ban da mai tsaga, ban da zungurere,
ban wanke ko ɗaya ba.
Na zana wata a gefe guda da fensir, tauraro a ɗayan,
asuba in juya, azahar in juya, bayan lisha in juya.
Kwanon ruwa da soso a ƙasa,
huji shida a bango don numfashi,
ma'auni a tsaye kan talatin da bakwai da rabi,
ina leƙa shi fiye da madubi.

Daren bakwai na kashe fitila, na haska su da tocila.
Jajayen zare sun bazu a ciki
kamar rassan gulbin Zamfara da damina.
Biyar fayau suke, babu kowa a gida. Na fitar da su.

Daren sha biyu aka ɗauke wuta, batir ya ce bai san zance ba.
Ƙarfe biyu ina tafasa ruwa,
ina naɗe kwalabe cikin tsofaffin safa.
Hure ta leƙo daga ɗaki:
"Ko haihuwar Nomau ba ka yi wannan gadin ba."

Ranar sha takwas na janye hannu,
na ƙara ruwa, na hana kaina buɗe ƙofa.
Wannan ya fi juyin wuya.

Sai ƙwas.
Sai ƙwas-ƙwas.
Wani ya fasa, ya tsaya, yini guda yana haki.
Farcena ya yi ƙaiƙayi,
na tuna wanda na ɓare wancan karon, jininsa a yatsana,
na zauna a kan hannuwana.
Da la'asar ya tunkuɗe ɓawon da kansa,
jiƙe sharkaf, yana zagin duniya.

Talatin da ɗaya.
Goggo Cima ta ƙirga sau biyu,
ta kwashi uku a gefen zane, ta ce kuɗin makaranta ne.
Mai wake-wake, da ta yi koyarwar,
na watsa mata tsabar gero, ko kallona ba ta yi ba.