Ƙafa Takwas

A Panteka Dogara ya zazzage gwangwani kan benci:
aisi baƙaƙe kamar ƙwari, kowane da ƙafa takwas.
"Ɗauki sabon nan, muryarsa tas."
Na ce ba tsabta na zo nema ba.

Na biya kuɗin biyu: sabon,
da wanda aka ɓamɓaro daga matacciyar rediyo,
lamba ta goge, ƙafa ɗaya a lanƙwashe.

Da dare a Kakuri na miƙe ta da hantsaki.
Dalma ta ƙona mini yatsa.

Na taka, na kaɗa jita.
Ta yi gurnani, murya a shaƙe,
kamar jirgin ƙasa bisa gadar kogi.

Maƙwabciya ta doki bango.
Sabon yana aljihuna har yau.