Mai Amsa ta Arba'in da Uku

A Cusco, kafin gari ya waye,
sanyi na cizon yatsu,
Nélida Huallpa ta sauka ɗakin wanki
da takardun tambaya ɗari biyu a hammata.
Digiri na biyu take yi, kan kula da otal da masu yawon buɗe ido.
Malaminta ya ce: kawo alƙaluma,
ba a auna karamci da labari.

Mai amsa ta arba'in da uku
uwarta ce, Eusebia,
shekara ashirin da shida tana ninke zanin gado.

"Daga ɗaya zuwa biyar, maki nawa za ki ba aikinki?"
Tsohuwa ba ta ɗago ba.
Ta ce, "Kama mini wancan bakin."
Suka ja, kusurwa ta sami kusurwa.

"Na ɗaki sha biyu, jiya tsauni ya kayar da shi,
numfashi ya ƙi shiga.
Na dafa masa shayin ganyen koka,
na zauna har barci ya ɗauke shi.
Bai san sunana ba.
Baƙo raɓa ne, 'yata, hantsi ba ya tarar da shi.
Wannan a wane gurbi za ki sa?"

Nélida ta dubi takardar.
Gurbi biyar, duk ƙanana.

Da dare, a babi na huɗu,
ƙanshin sabulu bai bar tafinta ba.
Ta sa huɗu, ta goge.
Ta bar layin fari fat
kamar zanin da suka ninke,
a ƙasa ta rubuta: an tambaye ta.