Abin da Bai Fi Buta Nauyi Ba

A garin masu ɗori aka yanke mini cibi,
Aliero, inda ake kawo karyayyen ƙashi daga nesa
a miƙe shi da kara da tsumma da tofi.
Sai ga nawa ƙashin, can birni aka tsaga shi,
aka buɗe ƙirjina kamar murfin rumbu,
aka gyara abin da ke ciki,
aka ɗaure da waya, aka ce in koma gida.

Ni Ɗantani,
da nake ciccibar buhun albasa ban ce wash ba,
yau likita ya rubuta a takarda:
kada ka ɗauki abin da ya fi buta nauyi.
Buta fa!

Hurera ɗiyata ce mai riƙon takardar.
A tsakar gidan nan na koya mata tafiya,
tana riƙe da yatsana, tana tangaɗi.
Yanzu ita ke ƙirga mini taku.
Ranar farko, daga bakin gado zuwa randa,
goma sha ɗaya,
na dafa bango ina haki
kamar wanda ya yini ban ruwa a fadama.

Ta ce in yi ta magana muna tafe,
in maganar ta sarƙe, to mu tsaya.
Sai ta ja ni da tambaya:
Baba, nawa buhu ya kai bara da rani?
Wa ya cuce ka a kasuwar Jega?
Ina ba ta labari, ƙafa na satar hanya.

In tari ya taso, na rungume matashi a ƙirji
kamar mai jego.
In zan tashi, na mirgina gefe tukuna,
hannu ba ya tokara, hannu baƙo ne.
Ga wata 'yar roba mai ƙwallaye uku,
wai in zuƙi iska su tashi sama.
Jikana Nafi'u na ɗaga ukun yana dariya,
ni tawa ɗaya ce take tsalle,
ta faɗo,
ta sake gwadawa.

Miya ba gishiri. Wannan ban yafe ba tukuna.

A mako na uku na ƙi.
Ƙafar da aka zare wa jijiya ta kumbura,
na juya fuskata bango, na ce a bar ni.
Ba wanda ya yi mini wa'azi.
Da la'asar Audi mai ɗori ya shigo,
ya zauna, ya daɗe yana kallon ɗinkin,
ya ce, ba aikina ba ne, amma na san halinsa:
ƙashi ba ya son gaggawa,
ba ya kuma son a manta da shi.
Ya miƙo mini takalmina.

Arba'in zuwa zaure.
Ɗari da ashirin zuwa gindin dogonyaro,
inda masu dara suka matsa mini wuri a benci.
Da safe in ɗaga hannuwa sama a hankali
kamar mai kabbarar da ba ta ƙarewa,
in juya kafaɗu gaba, in juya su baya,
awaki na kallona suna tuƙa.

Sallah dai a kujera nake yi,
goshina na kewar ƙasa.

Jiya na kai rumbun albasa da ƙafata,
ban tsaya ba ko sau ɗaya.
Yara na loda mota, ƙura da ihu,
warin nan da na sani ya cika mini ƙirji
har ƙasan ɗinkin.
Wani ya ce, Baba, a kama maka?
Na ce a'a.
Na durƙusa, baya a miƙe, yadda aka koya mini,
na ɗauki guda ɗaya, ja, mai sheƙi,
na auna ta a tafin hannu.

Hurera ta ce, nawa ka ƙirga?
Na ce, af, na manta.
Ta ninke takardar, ta sa a bakin zane.