Kwabo Ƙarƙashin Ƙusa

Ran da muka yaye rufin gidan Alhaji Abashe
can Rafindadi, ni da yarona Mati,
na sa bakin hama na ɗago ƙusar farko,
wani abu ya suɓuto, ya yi ƙara bisa siminti,
ya gangara, ya kewaya, ya kwanta.

Kwabo ne. Mai huda.
Kafintan da ya yi aikin, Allah ya jiƙan shi,
ya ga washa ta fi kwabo tsada,
sai ya bi kowace ƙusa ya rataya mata kuɗi a wuya.
Shekara sittin ruwa na dukan dukiya a sama,
masu gida na ƙasa suna kukan babu.

Ɗari da sha huɗu na ƙirga.
Mati ya ce mu kai wa 'yan gwangwan.
Na ce je ka ɗauko tsani.

Da dare na jiƙa tsamiya, na samo toka,
na zauna murza kamar mai wankin jariri.
Tauraro ya fara leƙowa, mai tsini shida,
sai kambi, sai shekara,
sai rubutun Larabci a gefen huda,
wanda kakata Yahanasu ta ɗauka addu'a ce,
ashe farashi ne kawai.

Babu fuskar kowa a kai.
Sarakunan Turawa suna kaɗai suka aiko,
don ina za a sa hanci, ga rami a tsakiya?
Akwai guda mai sunan wanda bai cika shekara a gado ba.
Shi ya sauka, kwabon shi bai sauka ba,
yana bisa kwano yana tsare ɗakin wani.

Tun daga nan abin ya zame mani ciwo.
Na bi tsofaffin 'Yar Kutungu ina tambaya,
wata mai daddawa ta kwance bakin zane ta ba ni anini,
ta ce goma irin shi ke tada kwabo,
kuma da shi ta taɓa cin ƙosai har ta rage.
Wanzamin Ƙofar Guga ya ba ni taro mai kusurwoyi,
reshen auduga a bayan shi.
Sisi ya zo da koko, fataka da gyaɗa,
kamar an shuka gona cikin aljihu.

Sai shekarar canji ta zo, aka toshe huda.
Ga kwabon nan, ja, cikakke, babu ƙofa,
an kafa mashi ƙarafan haƙo mai guda biyu.
Ba ya shiga kirtani, ba ya riƙe ƙusa,
bai kuma daɗe yana sayen komai ba.

Tabawa ta ce, Barmo, gwangwani uku ka cika,
ko ashana ba za su kawo mana ba.
Gaskiyarta.
Ni ma ban ce kuɗi nike tarawa ba.
Hannuwa nike tarawa:
na mai kitso, na ɗan dako, na wanda ya biya haraji yana haɗiye zuciya.
Su suka lashe rubutun nan har ya yi sulɓi.

Jiya jikata Hassu ta ɗauki na mai huda,
ta kanne ido, ta saita shi gabas da yamma,
ta ce, Kaka, ga Gobarau duk ta shiga ciki!
Na karɓa na duba. Ta shiga.

Mun gama sabon rufin ranar Laraba,
kwano mai launi, washa ta roba.
A kusurwar arewa, inda ido bai kai,
na ɗauko guda daga aljihu,
na zura mashi ƙusa, na buga sau uku.
Wanda zai yaye bayana,
ya ji ƙara bisa siminti.